Na Ɓoye Tsanin Rumbun Malam

Goggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Shekararmu talatin da Malam, ko tsawa bai taɓa yi mani ba, sai yanzu da yake gaba da ni a kan tsani.

Bara aka ce yana da ciwon sukari. Ni kuwa da na ji, sai na hana mashi fura da nono gaba ɗaya, tunda da sukari yake sha. Na hana shi gona, na ce ya zauna a ɗaki ya huta. To da damina ya zame a bakin rijiya, 'yar faɗuwar da ko yaro ba zai yi kuka ba, hannu ya karye. Mai ɗori na Yankara ya ce ƙashin ya yi taushi, wata uku bai haɗe ba.

Kin san a wajenmu maigida kaɗai ke shiga rumbu ya ɗebo hatsi. Ga kaka ta zo. Ni dai na ɗauke tsanin na kai gidan ƙanwata. Yanzu ko tuwo na aje sai ya juya mani baya, wai na mai da shi baƙo a gidanshi. Wallahi tsoro nake ya faɗo, ƙugu ya tafi. Na yi laifi?

Uwargida, daga Ruwan Godiya

Uwargida, ƙauna ce ta sa ki, amma ta yi yawa. Tsoronki na kan hanya: ciwon sukari kan raunana ƙashin mutum, kuma karaya a ƙugu ba wasa ba ce. Shi ma yana da gaskiya, ba a ƙwace wa mutum rumbunsa a ɓoye.

Sukari za ki cire, ba nono ba, domin nono abincin ƙashi ne. Ki dama masa fura kaɗan, nono da yawa, ki ƙara da zogale da kifi. Zaman ɗaki ma yana cin ƙashi, ki bar shi ya taka zuwa gona da hantsi. Ku je asibitin Funtuwa likita ya duba hannun, ya faɗa masa maganar hawa da bakinsa.

Tsani kuwa, ki dawo da shi yau, ki ba shi haƙuri. Ki roƙe shi ya sa babban ɗanku ya hau, shi ya tsaya a ƙasa yana faɗin dami nawa za a sauko da shi. Rumbu na mai ba da umarni ne, ba na mai hawa ba. Allah ya ba Malam lafiya, ya bar ku tare.

Goggo