Wuƙar da Inna Ta Bari Tana Hannuna

Malama Shamsiyya, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da ba ya gyaruwa.

Ni ma'aikaci ne a Dogon Dutsi, na ɗan haura shekara arba'in. Ɗabi'ata ce in rubuta abin da ya same ni kowace rana, in karanta, in auna, sannan in yanke magana. Wannan karon na rubuta, na goge, na sake rubutawa, ban ga hanya ba.

Ɗiyata Rumaisa'u shekararta tara. Ciwon daji ne ya kama ƙodarta, ya bazu. Mun kai ta asibitin Yamai, an yi iya yi, daga ƙarshe lokotoro ya ja ni gefe ya ce mu koma gida da ita, mu lura da jin daɗinta kawai. Na gane abin da yake nufi.

Innata, Altine, tana ƙauye wajen Lugu, kuma 'yar bori ce tun kafin a haife ni. A ganinta wannan ba ciwon asibiti ba ne. Doguwa, aljanar gidanmu, ce ta kama yarinyar, don tun da na shigo gari na daina ba da baƙar akuyar da kakanninmu suka saba yanka mata. Ina salla, na san yanka don wanin Allah shirka ne. Amma ranar da Inna ta iso da akuya da wuƙa da tsoho Gado mai goge, ban kore su ba, ban kuma yi musu maraba ba. Na tsaya ina aunawa, kamar yadda na saba.

Gado ya soma jan goge a tsakar gida. Wallahi Malama, yarinyar da nishi ya hana ta sakat sai ta yi shiru, ta ɗora kai a cinyar kakarta, har tana yi mata tsiya wai cinyar duk ƙashi ce, gara ta ɗora kai a kan murhu. Rabon da in ga haƙoran yarinyar tun kafin mu tafi Yamai.

Ashe matata, Lubabatu, ta kira ƙanenta Yasir a waya. Ɗan kasuwa ne mai zafin addini. Ya faɗo gidan da abokansa biyu, ko sallama babu. Ya fizge gogen ya buga da ƙasa, ya tattake. Suka rufe Gado da duka da itacen girki, tsohon yana kare kansa, har na ji ƙarar karyewar hannunsa. Inna ta shiga tsakani. Yasir ya hankaɗe ta, bakinta ya daki turmi, haƙoranta na gaba suka zube. Jini a zanenta, jini a tabarmar da Rumaisa'u take kwance. Yarinyar tana ihu tana kiran Baba, ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni.

Inna ta tofar da jini a ƙofar gidana, ta rantse ba za ta sake taka shi ba. Ta tafi da Gado, ta bar akuyar a ɗaure, wuƙar a ƙasa. Tun ranar Rumaisa'u ko kunu ba ta karɓa, kakarta kawai take kira. Lubabatu ta ce in na kai ta ƙauye za a yi mata bori ta mutu cikin shirka, kuma ba za ta yafe mini ba har gaban Allah.

Ni na tsinci wuƙar. Na wanke ta, na wasa ta, ban san dalili ba. Wani lokaci in ga kaina na kayar da akuyar nan, ina cewa in kuma Inna ce mai gaskiya fa? Wani lokaci wuyan Yasir nake gani. Jiya na bi ta gaban shagonsa da wuƙar a cikin riga, yana auna wa wata mata sukari, na daɗe ina kallonsa kafin in wuce. Ko addu'a ta gagare ni, in na ɗaga hannu sai in ji ina tuhumar Ubangijina. Na kafirta ne? In kai Rumaisa'u wajen kakarta, ko in bar ta ta cika tana kiranta?

Uban da ya rasa madafa, Dogon Dutsi.

*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, tashi ka kai wuƙar nan gidan limaminku ka bar ta can. In ka taɓa Yasir, jandarmomi za su tafi da kai, ɗiyarka ta cika tana kiran mutum biyu maimakon ɗaya.

Ba ka kafirta ba. Da ka kafirta da wannan tambaya ba ta dame ka ba. In addu'a ta ƙi fita, ka ce ya Allah ka yi shiru, Ya san sauran.

Kada ka yanka akuyar. Matarka tana da gaskiya a nan, kuma tsoronta tsoron uwa ne. Amma ka faɗa mata, ko ka sa malamin da take girmamawa ya faɗa mata, cewa yarinya 'yar shekara tara ba a rubuta mata zunubin abin da manya suka yi a kanta. Shi kuwa Yasir, addinin da yake taƙama da shi ne ya ce a kyautata wa iyaye ko da suna kan wata hanya. Zubar wa tsohuwa haƙora da karya hannun dattijo zalunci ne. Ka kai maganar gaban manyan dangin matarka, Yasir ya ɗauki jinyar Gado, ya je ya durƙusa gaban Inna. In ya ƙi, hukuma tana nan.

Innarka ma ba mugunta ta kawo ta ba. Ta ga jikarta tana tafiya, ta ɗauko abin da ta sani. Tsayuwar da ka yi ka ƙi cewa e ko a'a, ita ta bar ta a gaban itacen girki. Aunawa ta isa haka.

Ka koma asibiti a ƙara wa yarinyar maganin zafin ciwo. Sannan ka kama hanyar Lugu da kanka, ka mayar wa Inna akuyarta, ka faɗa mata da bakinka cewa ba za ka yanka ba, ka roƙe ta ta biyo ka. In rantsuwarta ta hana ta shiga gidanka, ka ari zauren maƙwabci ka shimfiɗa tabarma a can. Rumaisa'u ba ta tambayi akuya ba, ba ta tambayi doguwa ba. Cinyar nan mai ƙashi take nema.

Ka tafi yau, kada ka jira ka rubuta tukuna. Allah Ya sassauta mata, Ya sanyaya zukatanku duka.

Malama Shamsiyya