Na Shigo Maka Da Lambun Ɗaki

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, mai lambuna da hannunsa ke sa busasshen reshe ya yi toho!

Yayanka ya kawo mini saƙonka daga asibiti, yana magana yana kallon ƙasa. Wai tunda ƙafafunka sun daina ɗaukarka, in kama gabana, kada ƙuruciyata ta ƙare a tura keken guragu. Wai ɗakin baya na gidanku za a kai ka, wanda ko taga babu. Tabɗi! Ƙafafunka na aura? To ka buɗe kunne da kyau: ban karɓa ba, ba kuma zan karɓa ba.

Ka tuna ranar da na fara zuwa lambunka sayen fure, na ɗauki butar ban ruwa don gwaninta, na kwarara wa dashenka ruwa har ya kwanta? Ka yi ta salati, sannan ka kama yatsana ka tsoma a ƙasa, ka koya mini a tambaye ta kafin a shayar da ita. Wayyo, tun ranar zuciyata ta bar hannuna!

Zo ka ga ɗakinmu yanzu! Na fitar da ƙaton kabad ɗin nan. Bango na shafe shi da kore irin na sabon ganye, labule kuwa launin ƙasa ne bayan ruwan sama. Na juya gado ya fuskanci taga, don hantsi ya riga ni gaishe ka. Kafinta ya faɗaɗa ƙofa, ya kafa katako daidai hannun mai zaune, na jera tukwanen furanninka a kai. Ummanka ta leƙo ta ce na mai da ɗakin aure jeji, sauro ne zai cinye mu. Na durƙusa na gaishe ta, amma ko tukunya ɗaya ban ɗaga ba.

Dashen lemun tsaminka yana nan kusa da matashinka. Wallahi tun da saƙonka ya iso ban ɗiga masa ruwa ba, ba kuma zan ɗiga ba. Ganyensa ya fara lanƙwashewa, ni ma haka. In ka ga dama ka tafi ɗakin baya, ka bar shi ya bushe, alhakinsa a wuyanka. In kuwa har yanzu kai ne mutumin da na sani, butarka tana rataye inda hannunka zai kai.

Taka har ƙarshen numfashi, kana tsaye ko kana zaune,
Matarka da ba inda za ta.