Turakun da Injin Jami'a Ya Sa Aka Kafa a Gonata

Zuwa ga Shugaban Masu Binciken Lissafi na Jami'a,

Ranka ya daɗe. Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da malaman da ke ƙarƙashinka. Sunana Nomau, manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Dayi, ƙasar Malumfashi. Ban yi boko ba, ban yi allo ba. Wani tela ne a kasuwar Malumfashi yake rubuta abin da nake faɗa, na kuma hana shi gyara mini magana. Na ce a kai wannan wasiƙa jarida, domin takardar talaka in ta shiga ofis ba ta fitowa.

Na farko, ga abin da ya faru. Bara da damina wasu malamai biyu suka zo da malamin gona, suka ce daga wajenka suke. Suka ce kuna da wani inji da ya cika ɗaki, yana lissafin ruwan sama da cututtuka da amfanin gona, har da tafiyar taurari. Wai kuna so ku san yawan dawar da ƙasarmu ke bayarwa, amma ba za ku iya auna kowace gona ba, sai ku auna kaɗan, injin ya lissafa sauran. Ban yi musu ba. Suka duba takarda, suka yi taku daga bakin gona, suka kafa turaku huɗu, suka zagaye su da igiya. Sai igiyar ta faɗa daidai gindin tsamiya, inda dutsen gidanmu yake.

Ni Bamaguje ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Dawar da ke kewaye da dutsen nan ta Uwar Gona ce, wadda ke tsare mana gona da mutanen gida. Ba mai sa mata lauje sai maigida, shi ma sai ta bushe sarai, ya yanka jan zakara, ya zuba abin zubawa. Bayan haka ne kowa zai shiga girbi. Haka na tarar ubana yana yi. Maƙwabtanmu Musulmi ba su yarda da abin ba, amma ko akuyarsu ce ta nufi wurin, da gudu suke koro ta.

Na biyu, na roƙe su su matsa da turakun gaba kaɗan, inda dawar ta ma fi kyau. Suka ƙi. Suka ce in ana bin son manomi lissafin ya lalace, shi ya sa ba mutum ke zaɓen wuri ba, injin ne ke fitar da lamba kamar ƙuri'a. Da kaka ta yi suka dawo ranar da takardarsu ta ce, dawa ba ta gama bushewa ba, ni kuma ina kasuwar Funtua. Suka yanke, suka sussuka, suka ɗora a sikeli, suka bar mini tsabar a buhu a ƙofar gida. Ba su ɗauki ko ƙwaya ba, wannan na shaida. Buhun yana nan har yau, ba wanda ya yarda ya ci.

Na uku. Kafin bazara ƙanena Jatau ya kwanta. Mutum ne da ke ɗaukar dami biyu a kai, amma cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka bi. Muka kai shi asibiti, suka ce hanta ce, bai kuwa tashi ba har ya rasu. To, hanta ce. Ban zo in yi gardama da likita ba. Ni dai na san tun da nake ba a taɓa yanka dawar nan kafin lokaci ba sai bara, kuma ba mu taɓa rasa namiji mai ƙarfinsa a gidan nan ba sai bana. Ku masu lissafi ne, ku haɗa da kanku.

Yanzu ga shi turakun sun dawo wuri ɗaya. Wai sai kun bi gona guda shekara bayan shekara kafin lissafin ya tsaya. Dawa ta fitar da kai, ta fara ja. Kullum da safe sai in je in tsaya ina kallon igiyar nan. Matar Jatau ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu. Babban ɗana Arzika ya gaya mini ido da ido cewa in aka sake yanka, zai bar gandu ya tafi gidan gurzar auduga a Funtua da ƙannensa, don ba zai zauna yana jiran a ga wa za a ɗauka ba. Ban zage shi ba. Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. In ni ne, da sauƙi, na ci nawa. Amma ba a fara da tsoho ba.

Na huɗu, kada a ce ban bi hanya ba. Na je wajen mai unguwa, ya ce turakun gwamnati ne, in na tumɓuke 'yan doka za su zo. Na je wajen dagaci, ya ce in je wajen malamin gona. Malamin gona ya ce shi ɗan rakiya ne. Malamanka kuma suka ce ba su ba ne, inji ne. Ranka ya daɗe, wannan shi ya fi ba ni tsoro. Na ga zamanin da aka tilasta mana shuka auduga muna jin yunwa, na ga zamanin aikin hanya na dole, ban manta ko ɗaya ba. Amma a lokacin akwai mutum a gabanka. Za ka durƙusa masa, ko ka kai masa kaza, ko ka tsine masa a zuci. Wannan kuwa kowa ya ce ba shi ba ne. Wa zan durƙusa wa?

Ban ce aikinku banza ba ne. Maganin feshin da aka ce lissafinku ne ya nuna lokacin yin sa, na ga ya yi wa audugar maƙwabcina amfani, ko da yake ni ban sa ba. Amma injin da ya san ranar da ruwa zai sauka, ashe ba a gaya masa akwai wurin da ba a taɓawa ba?

Ga roƙona. Ku ɗage ranar yankan har dawa ta bushe in yi abin da ya wajaba a kaina, daga nan ku auna gonar duka in kuna so, ni zan riƙe muku buhu. In ranar ba ta ɗaguwa, ku sa injin ya sake jefa ƙuri'arsa, duk inda ta faɗa ban da gindin tsamiya na yarda. In wannan ma ba ya yiwuwa, to ka zo da kanka, ka tsaya gaban dutsen, ka faɗi sunanka da na ubanka, ka ce kai ka sa a yanka, don a san inda za a nemi mai laifi ba cikin gidana ba.

In ba ko ɗaya, ina sanar da kai tun yanzu don kada a ce na yi tawaye. Ba zan taɓa turakun gwamnati ba, ba zan ɗaga wa kowa hannu ba. Daga ranar kasuwa mai zuwa zan koma zama cikin igiyar nan, can za a riƙa kai mini tuwo. Ban taɓa kwana gidan yari ba, kuma ban so in fara da furfura. Amma duk wanda ya zo da lauje, sai ya fara ɗauke ni.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka basira, ya raya maka 'ya'yanka su kewaye ka har tsufa, kada ka ga ranar da za su ji tsoron kwana a gidanka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Nomau, maigida, ƙasar Dayi