Ƙafafu a Jikin Bango

Unguwar Jamaica, Talata da safe

Yaya Rukaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar jirgin ruwan zuwa aiki? Tsohuwar da muke jinya ta ci abinci ta sha magani, kada ta yaudare ki da yamma ta ce ban ba ta ba. Na sa takardar nan ƙarƙashin butar shayi, tunda aikin jinyar nan ya hana mu haɗuwa, ni da safe ke da yamma, kuma a gida ba ni da wurin yin waya ba tare da kunnen ƙanwar mijina Inusah ba.

Yaya, ina da ciki. Yara uku a ɗaki ɗaya, ɗinkin haihuwar autana Muniru bai daina yi mini ciwo ba. Jiya na je asibiti na haɗiye ƙwayar farko ta zubar da shi, suka ba ni ta biyu in sha a gida. Yau da na tashi na ji ba zan iya ba. Ina son abina.

Na gani a intanet wai akwai allurar da ke warware aikin ƙwayar. Abena ta benenmu tana da irinta, daga can ƙasarmu aka kawo mata. Inusah bai san komai ba. Da mahaifiyarmu Mma tana raye, me za ta ce in yi?

Ƙanwarki,
Adjara

Jamaica, Talata da yamma

Adjara,

Wa alaikumus salam. Na karanta a tsaye, sai da na nemi kujera. Ba zan yi miki faɗa ba, na san ɗakin naku.

Kin tayar mini da kewar Kumasi. Ɗakin Mma na tuna, inda matan zango masu ganin jini kan ciki suke kwanciya a tabarma, ƙafafu a jikin bango, ita tana dama musu koko tana zagin mazajensu. Ke kina ƙarama, aikinki leƙe ta taga da satar ƙosai. Wallahi har ƙamshin kanumfarin nake ji.

Amma Mma ba ta san ƙwayar nan ba. Na tambayi nas ɗin da ke duba tsohuwa, na ce wata ce a unguwarmu ta Park Hill. Ta ce allurar nan ba a tabbatar tana aiki ba, wani cikin ma da kansa yake tsayawa. Abin tsoron shi ne jini, don in mace ta tsaya a ƙwayar farko yana iya ɓalle mata. Ta ce ki koma wurin likita ki faɗi kin canza ra'ayi, ba mai ɗura miki ta biyu dole. Abena kitso ta iya, kada ki ba ta jikinki.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Yayarki,
Rukaya

Jamaica, Alhamis

Adjara,

Sallama. Kwana biyu ke nan kamfani yana turo wata a madadinki, takardata kuma tana nan yadda na ajiye ta. Wayarki a kashe. Ina tashi aiki zan hau jirgin ƙasa zuwa gidanki a Morrisania, ko Inusah zai ce na cika shisshigi.

Rukaya

Morrisania, Lahadi

Yaya Rukaya,

Assalamu alaikum, da fatan kin huta da zaryar asibiti. An sallame ni, ina iya zuwa banɗaki da ƙafata. Yadda kika same ni kin fi ni sani, ni zan faɗa miki abin da ya faru kafin ki buga ƙofa.

Tun ranar Talata Abena ta yi mini allurar. Da jinin ya fara, ban yi tunanin asibiti ba ko kaɗan. Kunya nake ji in koma wurin mutanen da na roƙa su cire shi in ce su mayar. Sai na shimfiɗa bargo a ƙasa na ɗora ƙafafuna a bango, na ce wa yara baya ke ciwo. Yaya, tun da na zo ƙasar nan ban ji daɗi irin na lokacin ba. Ƙarar titi ta yi nisa, na ji kamar ina ɗakin Mma, har ludayinta nake ji a cikin ƙwarya. Likita ta ce wannan daɗin jinina ne ke ƙarewa.

Sun ƙara mini jini, cikin kuma ya tafi. Na faɗa wa Inusah komai. Yanzu shi yake dafa abinci, shinkafar kullum a caɓe.

Takardarki ta Talata da kika kawo mini, sai jiya na iya buɗe ta. Ki faɗa mini gaskiya don Allah: da na karanta ta da wuri, zai tsaya?

Ƙanwarki,
Adjara

Park Hill, Litinin

Adjara,

Wa alaikumus salam. Ban sani ba. Na tambayi likitarki a asibiti, ita ma ta ce ba wanda ya sani, kuma ba zan yi miki ƙarya don ki ji sanyi ba.

Abin da na sani, a cikin motar asibitin nan hannunki ya yi sanyi a cikin nawa, ina ta addu'a, ko sau ɗaya ban ambaci cikin ba. Ke na roƙa, kuma an ba ni.

Ki gaida Inusah da yara. Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki,
Rukaya