Kwaɗon Shamrok

Levenshulme, Manchester
3 ga Maris, 2014

Yaya Rabi'a,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Yaya Halliru da yara. Tunda wayarki kullum a kashe take in kina aiki a asibiti, ga takarda, ki karanta ko a bas ne.

Wurin aiki ba daɗi. Council, wato ƙaramar hukumar nan, ta ce ba za ta iya riƙe gidajen yinin tsofaffi biyu ba, sai ta haɗe na 'yan Ireland da na Yahudawa a zaure ɗaya. An hana nama a kicin ɗina don kowa ya iya ci. Ƙarshen wata kuma shugabarmu Catherine za ta miƙa sunayen waɗanda za a sallama, ni ce sabuwa a cikinsu. Tsoro nake ji, Yaya. In aikin nan ya tafi, ban san inda zan nufa da 'yata Murja ba.

Ana cikin haka sai ga bikin St Patrick, waliyyin 'yan Ireland, ya gabato. Catherine ta cika bango da hotunan wani ganye mai kunne uku da suke maƙalawa a ƙirji ranar bikin, wai shamrok, kowanne faɗin faifai. Akwai wani tsoho, Baba Manasseh, Bayahude ne amma haihuwar Cork, can Ireland. Shi ne bakin Yahudawan. Ya tsare ta: ganyen nan na addini ne ko na ƙasa? Ya ce an ce da shi waliyyinsu ya koyar da aƙidar Triniti ta Kirista, shi ya sa mahaifinsa ya hana shi maƙalawa yana yaro. Duk 'yan ajinsu da kore a ƙirji, shi kaɗai fayau. In na addini ne, ba za su ci abinci a ƙarƙashinsa ba. In kuwa suka daina zuwa, rufe wurin za a yi. Catherine ta dafe ƙirji ta ce, "Ganye ne kawai, Manasseh! Ganye!"

Sai ya juyo kaina: "Ke da ba kya cin alade kamar mu, me kika gani?" Na ce sai na tambayi yayata. To, na tambaya.

Ƙanwarki,
Zinatu

Sparkbrook, Birmingham
8 ga Maris

Zinatu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso.

Girki aka ɗauke ki yi, ba fatawa ba. Na faɗa wa Halliru, ya shafe yini yana bincike, ƙarshe ya ce malaman tarihi ma sun saɓa, wato bai sani ba ke nan. Mu nan duk shekara faretin 'yan Ireland ɗin ta unguwar Digbeth yake bi, har limamin unguwarmu ya taɓa maƙalewa a go-slow ɗinsu, wani ya ɗora masa koriyar hula. Bai mutu ba.

Shawarata ita ce: kada ki maƙala, kada ki zaga, kada ma ki taɓa. Abin da ba ki sani ba, ki tsare hannunki daga gare shi. Na san ki da karambani tun muna Fagge.

Ga garin ƙuli nan na haɗo miki. Ki gai da Murja.

Yayarki,
Rabi'a

Levenshulme
18 ga Maris

Yaya,

Salam. Ki zauna kafin ki karanta.

Jiya ne bikin. Na zo da safe na tarar motar kayan miya ba ta zo ba, an rage ta zuwa sau ɗaya a mako. Na buɗe firiji, sai ga wata leda cike da ɗanyen ganye, ƙanana sumul, an naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle. Wallahi Yaya, kamar zogale. Ni shamrok ɗin da na sani faɗin faifai ne, wa ya ce min na gaske bai kai farce ba?

Na tsince shi ganye-ganye a gaban taga, yadda Baba Manasseh ya koya min, don su ko ƙwaro ɗaya ba ya halatta a gare su. Reshe ɗaya na ga ƙwaro a jiki, na ajiye shi gefe. Sauran na turara, na zuba albasa da tumatir da garin ƙulinki, na haɗa kwaɗo. Saboda haka ke ma da hannunki a ciki.

Tsofaffi suka cinye tas. Baba Manasseh sau biyu ya ƙara.

Bayan abinci Catherine ta je ɗauko ledarta don a raba wa kowa ya maƙala. Ihun da ta yi, har mai shagon gefe ya leƙo. Ashe gwaggonta ce ta tsinko shi a gonarsu a Mayo, can Ireland, ta aiko. Tana kuka tana nuna ni da cokali: "Fada ya sa masa albarka a coci! Abu mai tsarki kika dafa!"

Ni dai na riga na fara kwance ɗamarar girki.

Sai Baba Manasseh ya dogara sandarsa ya miƙe, ya share bakinsa a hankali. Ya ce, "Catherine, tun farkon wata kike ce min ganye ne kawai. In mai tsarki ne, to kin ciyar da Yahudawa kayan coci, yau za mu tafi ba mu dawowa. In kuma ganye ne, yarinyar nan abinci ta yi, kuma ta iya. Zaɓi ɗaya."

Catherine ta shige ofis ta banko ƙofa. Har yanzu ba ta ce min kanzil ba. Ki sa ni a addu'a.

Zinatu

Sparkbrook
21 ga Maris

Zinatu,

Salamu alaiki. Na ce kada ki taɓa, kin dafa.

Na so in yi fushi, dariya ta hana ni. Halliru sai da ya sauka daga kujera. Ya ce in tambaye ki ko da ɗaci.

Ki saurara. In an sallame ki, ki kamo hannun Murja ki hau mota, ɗakin sama naku ne. Kada ki kwana da damuwa ke kaɗai a garin nan, ina da rai. Ki gaishe min da tsohon, ki ce na gode.

Yayarki mai ƙaunarki,
Rabi'a

Levenshulme
1 ga Afrilu

Yaya,

Salam. Ba sunana a cikin waɗanda aka sallama, alhamdu lillahi. Catherine ta yanke hukunci a gaban kowa, tana cije haƙora: ganye ne. Ta kuma sa wa firiji kwaɗo, irin na ƙarfe.

Reshen nan mai ƙwaro da na ajiye a taga ya bushe, na zo zan zubar. Baba Manasseh ya ce in ba shi. Ya ce tunda 'yar Mayo da kanta ta shaida, mahaifinsa ma zai yarda. Ya kasa da allurar, ni na maƙala masa. Biki ya wuce da mako biyu, shi kaɗai ne da kore a ƙirji duk zauren, kuma ya ƙi cirewa.

Na maƙala, Yaya, amma ba a jikina ba. Ki ce wa Yaya Halliru ba ɗaci.

Taki,
Zinatu