Ɗorawa Bakwai a Hanyar Balan

Litinin, 1 ga Maris, 1971
Malam ya ɓata mini rai tun da hantsi. Wai in ɗauko alƙalami in rubuta masa wasiyya, hannunsa rawa yake. Na ce wasiyyar me, mutumin da ya tashi da malmala biyu jiya? Ya ce, "Kubura, rubuta dai." Na rubuta. Littattafansa na masallacin unguwa ne. Kekensa na Maikuɗi ne, maƙwabcinmu na gona, wanda dama shekara goma ke nan yana aronsa. Sai ya ce gonarsa ta hanyar Balan, da ɗorawa bakwai da ke cikinta, tawa ce.

Na ajiye alƙalamin. Na ce shekara ashirin da shida kana zaune da 'yar malamin fiƙihu, ba ka san ba a yi wa magaji wasiyya ba? Tumunina na mata yana nan, shi ke nan. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ashe ya sani. Lallaɓo ni yake, tsohon banza.

Alhamis, 4 ga Maris
Ya fito da abin da ke cikinsa. Tunda wasiyya ba ta yiwuwa, kyauta zai ba ni. Amma kyauta ba ta tabbata sai na je na tsaya a gonar gaban shaidu, na ce na karɓa, na taɓa amfaninta da hannuna, shi kuma ya janye nasa. Kuma sai yana kan ƙafafunsa. In ciwo ya riga ya kwantar da shi, kyautar ta koma hukuncin wasiyya, ta rushe. Ni na karanta masa wannan babin da bakina, shekarun baya, daga littattafan Baba. Ga sakayyata.

Na ce ba na so.

Asabar, 6 ga Maris
Takalminsa ya ƙi shiga. Kumburin ya wuce idon sawu.

Laraba, 10 ga Maris
Yaya Hure ta zo daga Kademi, kuma na san wanda ya aika mata. Ko mayafi ba ta cire ba ta hau ni. "Ke ba ki haihu ba. Kina gama takaba gidan ƙannenmu za ki koma, ki zauna kina jiran a ɗebo miki tsaba. Da karatunki da bakin nan naki? Wata biyu ba za ki yi ba sai an kai ƙararki wurin mai unguwa." Na ce ta sha fura ta kama hanya.

Gaskiya ta faɗa. Amma ba gonar nake ƙi ba. Ranar da na ce na karɓa, na yarda ke nan tafiya zai yi. Ni ban yarda ba. Ba a tambaye ni ba.

Lahadi, 14 ga Maris
Hadi ya zo daga Ajingi. Ɗan Malam ne tilo, yana shekara uku mahaifiyarsa ta rasu, a bayana ya girma. Na sa rai zai ƙi, in sami abokin faɗa. Ina! Sai ya ce, "Baba, ai ko ba shaida, wa zai raba Inna da gonar nan?" Malam ya ce shi kam ya yarda da Hadi, shekarar yunwa ce bai yarda da ita ba, ranar da mai iyali zai rasa abin sayarwa sai gona. Hadi ya sunkuyar da kai.

Da zai hau mota ya leƙo ɗakin girki. "Inna, ki taimaka ki karɓa. In ba haka ba ni zan gaji gonar, in gaji faɗanki a kanta." Na jefe shi da muciya. Ya kauce, kamar kullum.

Juma'a, 19 ga Maris
A jakin Maikuɗi ya tafi masallacin Juma'a. Masallacin da ake jin liman daga tsakar gidanmu.

Talata, 23 ga Maris
Na wuni cikin littattafan Baba ina neman ƙofa. Wanda ya ce ko a kwance kyauta ta yi, ko wanda ya ce a jinkirta. Babu. Mutanen nan ba su bar ko tsagar da allura za ta bi ba.

Bayan la'asar ya zauna hutawa sau biyu tsakanin zaure da ɗaki. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kubura, kwanakin tsayuwata kike ci." Na ƙona miya.

Alhamis, 1 ga Afrilu
Mun je gonar. Liman, Maikuɗi, Yaya Hure, Hadi. Ɗorawar ta nuna, ta yi ja, har tana zuba da kanta. Malam ya ce a sauke shi daga jaki. Hadi ya miƙa hannu zai riƙe shi, ya ture. "Liman, ka gan ni a tsaye?" Liman ya ce ya gani. "Maikuɗi fa?" Maikuɗi ya ce ya gani, yana share ido wai ƙwaro ne. Sai Malam ya faɗa sau uku, da iyakokinta, daga kukar gabas zuwa burtalin shanu, cewa ya ba ni don Allah, ya janye hannu.

Kowa ya juyo yana kallona. Gwiwoyinsa na rawa cikin wando, ina gani, yana ta cije leɓe don kada ya zauna. Da na ƙara minti ɗaya da ya faɗi.

Na ce, "Na karɓa. Amma ban yafe ba." Na fizgi gorar Maikuɗi na maka wa reshe da duk haushin wata guda. Ɗorawa ta zubo har kan rawanin Liman. Ya ce wannan karɓa ko alƙalin alƙalai ba ya rushe ta.

Malam ya zauna a gindin bishiya, ya miƙa hannu zai ɗauki guda. Na ce a'a, kai ka ce ka janye hannu. Ya ɗago yana kallona. "Uwar gona, a sam mini ɗaya mana." Na ɓare masa, garin ya ɓata masa gemu. Ban yi kuka ba sai da muka dawo.

Litinin, 12 ga Afrilu
Kwana shida ke nan bai fita ba. Daddawar kalwar farko ta yi, na sa masa a miyar kuka. Ya ce ba gishiri. Na ce likita ya hana, ya kai ƙara Kano.

Maikuɗi ya aiko tambayar abin da za a shuka bana. Na ce gero da wake. Malam daga kwance ya ce dawa ta fi. Na ce ya shuka a tasa. Ya yi ta dariya, ya riƙe mini hannu bai saki ba har ya yi barci.

Gobe da sassafe zan leƙa gonata, a fara kai taki. "Gonata" na rubuta? Alƙalamin ne ya zame. Na bar shi haka.