Sandar da Ta Ce Gonarmu Ta Mutu

Issawane, farkon damina

Zuwa ga ɗana Rabilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a ramin zinariya na Jado. Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Albishirinka. Matarka Hawa ta sauka lafiya, namiji. An raɗa masa Rayyanu. Tun da ya zo ya ƙwace mini mata, tsohuwarka ba ta ƙara duban inda nake ba. Na faɗa masa a kunne cewa kishiyar tsoho ba ta da sauƙi, ya yi mini hamma. Rubutun nan da na koya da furfura a karatun manya, yau ya biya ni.

Ga labari na biyu. Ka tuna bara da rani, da yaran proje, masu aikin raya noma, suka zo da sandar ƙarfe mai agogo a ka, suka danna ta a gonarmu, allurar ta haye ja tun ba ta shiga taki ɗaya ba? Su dai cewa kawai suka yi ƙasar ta yi tauri. Kafin maganar ta kai bakin kasuwa ta zama inji ya ce gonar Gado ta mutu, kai kuma ka ɗaure kayanka.

To, malamar gona Mariyama ta zo daga Mayahi bayan ruwan shuka, da irin sandar. Ta ce ba a awon nan sai ƙasa ta sha ruwa, domin da rani ko gonar kirki ja take nunawa. Ta ba ni na danna da hannuna. Sandar ta nutse har kamu guda, allurar tana cikin kore. Inda amalanke ya saba ratsawa ne kaɗai ta ƙi shiga, nan kuwa ramukan tassa masu tare ruwa da taki za su gyara.

Gonarka tana da rai, ɗanka yana jiranka. Ka taho gida. Uwarka da Hawa suna gaishe ka.

Mahaifinka, Gado

Issawane, bayan noman farko

Zuwa ga Moctar,

Ina gaishe ka, ɗana, ina kuma yi maka gaisuwar abokinka. Yaya ƙarin haƙuri?

Saƙonka ya iso, cewa rami ya rufta da Rabilu tun wasiƙata tana hanya. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Allah ya saka maka da ka tsaya aka yi masa sutura. Na so a ce ya ji sunan ɗansa ko sau ɗaya.

Hawa tana takaba, uwarsa ba ta iya cin tuwo. Ni da safe nakan tafi gonar. Hatsi ya kai gwiwa, baƙi ƙirin, ban taɓa ƙin ganin yabanya ba sai bana. Nakan yi noma kaɗan in zauna.

Abu ɗaya nake roƙonka. Gonar babanka ma a ranin nan aka auna ta, rana ɗaya da tamu, shi ya sa kuka tafi tare. Na kai Mariyama can bayan ruwan jiya. Sandar ta shige kamar cikin gari.

Kada ka sake shiga ramin nan. In babu kuɗin mota, ka aiko, zan sayar da tunkiya. Wake bai wuce shuka ba tukuna.

Babanka yana gaishe ka, shi ya ce in rubuta.

Naka, baban Rabilu, Gado